TUN RAN GINI RAN ZANE: JAWABI A KAN ƘWAƘWALWAR YARA ƘANANA

 

Duk ajin da muka zaga, akwai maganar da ba mu rasa ji. Sai wani dattijo ya ajiye fensir ya ce, "Malam, kan nan ya riga ya yi tauri. Abin da na koya jiya, yau ya gudu." Mu kan ba shi haƙuri, mu ce babba ma yana koyo. Ga shi kuwa da yawa cikinku yanzu suna karanta wasiƙarsu da kansu. Amma akwai gaskiya cikin maganarsa, koyo da girma akwai wuya. Saboda haka yau za mu ajiye zancen baƙi da wasali. Za mu yi zancen wanda kansa bai yi tauri ba tukuna, watau jaririn da ke goye a bayan uwarsa.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mai ginin tukunya ta san in yumɓu ya bushe ba ya karɓar ado sai da wahala. Haka kan yaro ya ke. Makarantarsa ta fari tana cikin gidanku, ku ne malamanta. Babban darasinta kuwa guda ne, a yi wa yaro magana, in ya yi motsi a amsa masa.

YADDA ƘWAƘWALWA KE GIRMA

Ran da aka haifi jariri, ƙwaƙwalwarsa kamar kashi 1 cikin 4 ce na ta babba. Kafin ya cika shekara ta ninka girmanta. In ya kai shekara 3 ta kai wajen kashi 80 cikin 100 na ta babba, in ya kai 5 ta kai wajen kashi 90. Ku duba fa. A shekara 5 ƙafarsa da hannunsa da sauransu da yawa, amma kai ya kusa gama ginuwa, tun bai taka ƙofar makaranta ba.

Me ke girma a ciki? Ƙwaƙwalwa cike ta ke da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A kan babban mutum sun kai wajen biliyan 86. Yawancinsu da su a ke haihuwar yaro. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da juna. Ku ɗauka ƙwayoyin nan ƙauyuka ne masu yawa cikin daji, babu hanya tsakaninsu. Duk sa'ad da jariri ya ji murya, ko ya ga fuska, ko ya taɓa wani abu, sai saƙo ya bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan, kamar mutum ya ratsa ciyawa. Masana na Jami'ar Harvard a Amurka sun ce a shekarun fari a kan ƙulla irin wannan haɗi fiye da miliyan 1 cikin daƙiƙa guda.

To, kowa ya san halin hanya. Wadda a ke bi kullum ita ke zama turba, har amalanke ta wuce. Wadda aka daina bi, damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta. Haka ƙwaƙwalwa ke yi. Hanyar da yaro ke aiki da ita sai ta yi ƙarfi, wadda ba ya bi sai ta shafe. Ba mu ce in shekarun nan sun wuce ƙofa ta rufe ba. Da ta rufe da ba ku zauna a wannan aji ba. Amma buɗe hanya a sabuwar gona ya fi sauƙi bisa saran daji.

MAGANA DA AMSAWA

Waɗansu su kan ce, "Ina amfanin yi wa jariri magana, alhali ba ya ji?" Yana ji. Tun yana ciki, a watanni 3 na ƙarshe, ya ke jin muryar uwarsa, ran da ya faɗo kuwa yana bambanta ta da ta sauran mata. Idonsa ba ya gani da nisa. Inda ya fi gani shi ne kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, daidai nisan da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Saboda haka lokacin shayarwa lokacin darasi ne. Uwa ta dube shi, ta yi masa murmushi, ta yi masa magana.

Ku lura da yadda jariri ke fara hira. Ya dube ki ya ce "aaa". In kin ce masa, "Na'am, me ka ce? Ka ƙoshi?" sai ya motsa ƙafa ya sake cewa wani abu. Ki dakata, ki bar shi ya gama, sa'an nan ki amsa. Kamar gaisuwa ce, wannan ya faɗa, wancan ya amsa. Wannan ba-ni-in-ba-ka shi ne ke buɗe hanyoyin nan da muka faɗa. A nan ya ke koyon cewa murya tana da amfani, kuma in ya kira akwai mai zuwa. In kuwa ya kira yau shiru, gobe shiru, sai ya rage kira. Mutane su ce yaron nan akwai haƙuri, alhali ya fid da rai ne.

Wannan ba ya hana aiki. Kina daka, ki gaya masa, "Ga turmi, ga taɓarya, gero mu ke dakawa." Kina yi masa wanka, ki ce, "Kawo hannu, ga ɗaya, ga ɗaya." In ya nuna akuya da yatsa, ki ce, "I, akuya ce, ga ɗanta can." Abin da ya nuna da kansa shi ya fi saurin riƙe sunansa. Da yayyafi kogi kan cika.

Yanzu sai mu taɓo wata magana mai nauyi, ku gafarce mu. Mun san al'adarmu. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko ya yi kuka sai ta kau da kai har wani ya ɗauke shi. Uba ma haka. Ba mu zo rushe kunya ba, kunya ado ce. Amma jariri bai san kunya ba, abin da ya sani an amsa masa ko ba a amsa ba. To, ga dabara. In ba za ki kira sunansa ba, ki kira shi da laƙabi. In ba za ki yi masa wasa a tsakar gida ba, in kun shiga ɗaki babu idon kowa, ki yi masa hira har ya yi dariya. Ku kuma iyayen miji, in kun ji matar ɗanku tana yi wa ɗanta zance, kada ku ce ba ta da ta ido. Jikanku ta ke ginawa.

Kakanni, ku babu kunya tsakaninku da jika, sai wasa. Kakar da ke ce wa jariri "mijina", tana tsokanarsa, tana yi masa tawai, aiki babba ta ke yi ko da ba ta sani ba. Ku ƙara. Maza kuma, kada ku ce reno na mata ne. In ka dawo daga gona ka huta, ɗora shi a cinya, nuna masa fartanya ka faɗi sunanta, bar shi ya ja gemunka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA AKA GANI A WAƊANSU ƘASASHE

Kada ku ce wannan zancen baki ne kawai. An gwada an gani.

Akwai wani tsibiri da a ke kira Jamaika, kusa da Amurka. A babban birninsa Kingston, a shekarar 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 'ya'yan talakawa, masu wata 9 zuwa wata 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Aka raba su kashi 4. Kashi ɗaya aka riƙa ba su madara. Kashi ɗaya aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wa ɗanta wasa da magana, ta kuma bar musu kayan wasa na haɗin gida. Kashi ɗaya suka sami duka biyu. Kashi na huɗu ba su sami ko ɗaya ba, sai duba lafiya. Aka yi shekara 2 ana haka.

Da aka gama, masu madara sun ci gaba, masu wasa sun ci gaba, waɗanda suka sami duka biyu sun fi kowa. Amma ba a tsaya nan ba. Bayan kamar shekara 20 aka nemo yaran nan, sun zama manya suna sana'a. Aka buga sakamakon a 2014. Waɗanda aka koya wa iyayensu wasa da magana, abin da su ke samu a sana'arsu ya fi na waɗanda ba a koya wa iyayensu ba da kashi 25 cikin 100. Watau in wannan ya sami 4, wancan ya sami 5. Wasan da uwa ta yi da ɗanta a tsakar gida ya bi shi har kasuwa.

Ga kuma misali na baƙin ciki daga ƙasar Romaniya a Turai. Da gwamnatin ƙasar ta faɗi a 1989, aka tarad da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu. Jarirai suna kwance jere a gadaje, mai reno ɗaya ga yara da yawa, babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Da yawa suka tashi ba su iya magana sosai ba, hankalinsu ya yi baya. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 a birnin Bukares, aka mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar suka farfaɗo, waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 kuwa su suka fi farfaɗowa. Wannan ya nuna mana abu biyu. Rashin kulawa yana yi wa yaro lahani kamar yunwa, kuma gyara da wuri ya fi.

WASA AIKIN YARO NE

Ba sai an je kanti ba. Kayan wasa suna cikin gidanku. Ƙoƙo da ludayi ganga ne. Gora da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinta sosai, caki ce. Ƙore manya da ƙanana, ya sa wannan cikin wancan, yana koyon babba da ƙarami. Ki rufe ludayi da zane ki ce, "Ina ya tafi?" In ya yaye zanen ya gani, ki yaba masa. Sai dai a kiyaye, duk abin da zai iya haɗiyewa, kamar ƙwayar gyaɗa ko kwabo ko dutsen ado, a nisanta shi da shi.

Goyo abu ne mai kyau, yaro yana jin ɗumin uwa, hankalinsa yana kwance. Amma kada ya wuni a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2019, ta ce kada a ɗaure ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ko da a goye ne. A sauke shi a tabarma mai tsabta. Wanda bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, ana kallonsa, kaɗan kaɗan har ya tashi minti 30 a yini. Haka wuyansa da bayansa ke yin ƙarfi. In zai yi barci kuwa a kwantar da shi rigingine. Barci ma gini ne. Ɗan wata 4 zuwa 11 yana bukatar awa 12 zuwa 16 a dare da rana, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuwa awa 11 zuwa 14.

Kada ku bar tatsuniya ta mutu. Yaron da ke jin labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyon sauraro, yana koyon abin da ya zo da fari da abin da ya biyo baya. Ka-cici-ka-cici yana wasa kai. Ga kuma wannan littafi da ke hannunku. Ku ɗora yaro a cinya, ku nuna masa hoto, ku karanta da ƙarfi ko da kuna tuntuɓe. Kun yi bitar darasinku, shi kuma ya saba da takarda tun bai san baƙi ba.

Wayar hannu da talabijin fa? Waya tana magana, amma ba ta amsa wa yaro. Hukumar nan ta ce wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gabansu, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Mu manya ma mu kula, kada yaro yana kallon fuskarmu mu muna kallon waya.

ABINCIN GINI

Gini ba ya yiwuwa sai da ƙasa da ruwa. Ma'aikatan lafiya suna ƙidaya kwana 1,000, daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2, su ne kwanakin da abinci ya fi yi wa ƙwaƙwalwa aiki. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini da a ke ba ta.

Da an haihu a sa jariri a nono cikin awa ta fari. Dakashi, watau nonon farko mai kauri, kada a matse shi a zubar. Ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafin yaro na fari. Wata 6 a ba shi nono zalla, ko ruwa ba ya bukata, gama akwai ruwa isasshe a cikin nono ko da bazara. Daga wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. Kunu tsararo ruwa ne kawai, yana cika ciki ba ya gina jiki. A yi shi da kauri, a sa garin gyaɗa ko na waken suya, da ɗan manja. A ba shi wake da aka dama, da ganyen zogale, da kifi ko hanta in an samu. Waɗansu sun ce ƙwai yana sa yaro sata. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba, a dafa a ba shi.

Gishiri kuma a sayi mai sinadarin aidin, irin na cikin leda mai tambari. Rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo, in kuwa mai ciki ta rasa shi, ƙwaƙwalwar ɗanta ba ta cika yadda ya kamata.

ABUBUWAN DA KE RUSHE GINI

Na fari dalma. A 2010 a Jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka mutu. Dalili, ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa, duwatsun kuwa cike da dalma. Yara suna rarrafe cikin ƙurar suna sa hannu a baka. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu. Kada a niƙa dutsen ma'adini inda yara su ke, kada a fasa tsohon batirin mota a gida. Kwalli ma, yawancin na dutse akwai dalma a cikinsa. A daina sa wa jarirai.

Na biyu cuta. Zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani ya kan hau kai. Yaro ya kwana cikin gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi, ko ya sandare, ko ya shiɗe, a kai shi asibiti nan da nan, kada a ɗura masa kome a baka. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a kwanakin fari, shawara ce, in ta yi yawa tana lalata ƙwaƙwalwa, a kai shi a duba. A cika masa allurar rigakafi duka. Rigakafi ya fi magani.

Na uku fushi. Kada a girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru. Wuyansa ba ƙarfi, jijiyoyin kansa suna iya tsinkewa, ya makance ko ya mutu. In kuka ya ishe ki, ki miƙa shi ga wani, ko ki kwantar da shi ki fita ki sha iska. Yaron da kullum ya ke cikin tsoron duka da tsawa, ko iyaye suna faɗa a gabansa, hankalinsa yana wajen tsoro, ba ya sakewa ya koya. Maigida, kwanciyar hankalin matarka abincin ƙwaƙwalwar ɗanka ne.

Ku riƙa lura kuma. Yawancin yara su kan yi murmushi wajen wata 2, gwaranci wajen wata 6, kalmar fari wajen shekara 1, su haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Wani ya kan riga wani, wannan ba kome. Amma in yaro ba ya firgita da ƙara, ko ba ya bin fuska da ido, kada a zauna jira, a nuna shi ga ma'aikacin lafiya.

To, jama'a, mu da muka zo karatu da furfura mun san abin da muka rasa. Kada 'ya'yanmu su rasa shi. Yau in kun koma gida, kowa ya ɗauki ƙaramin da ke gidansa, ya dube shi, ya yi masa magana, ya jira amsa. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Wassalam.

TAMBAYOYI

1. Kashi nawa ƙwaƙwalwar yaro ke kaiwa a shekara 3?
2. Me ya sa muka kwatanta ƙwaƙwalwa da hanyar ƙauye?
3. Wace dabara uwar ɗan fari za ta yi?
4. Me aka gani a Jamaika bayan shekara 20?
5. Faɗi abu 3 da ke rushe ƙwaƙwalwar yaro.

AIKIN GIDA

Rubuta sunayen abubuwa 5 na gidanku da ka nuna wa yaro a wannan mako. Kawo su aji, mu karanta tare.